Bayan Sadakar Arba'in, Wa Ke Leƙo Gidan?

Mu mutanen Agadas, in dai zaman makoki ne mun iya, kuma abin a yaba mana ne. Mutum ya cika da asuba a Amdit, kafin a kira azahar labari ya kai Dagamanat, ya kai Sabon Gari da Tudu, har na Arlit sun bugo waya. A kafa rumfa a ƙofar gida, maƙwabta su fito da tabarminsu, samari su hura gawayi su ɗora shayi, mata su yi ta shigowa da kwanuka. Wannan ta kawo shinkafa, waccan ta kawo fura, ɗan'uwan da ya sauko daga Timiya ya ajiye cuku da dabino. Ba wanda ke jiran a kira shi. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in. Daga nan kowa ya ce "Allah ya ƙara haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari," ya kama gabansa. Matar tana ciki da sauran takabarta, sai wata huɗu da kwana goma sun cika. Yaran kuwa sai a lokacin suke gane abin da ya same su, domin duk kwanakin nan gidan cike yake da mutane da abinci.

Zancen da ya daɗe yana yawo a fadarmu ta shan shayi ke nan: bayan arba'in, wa ke ci gaba da leƙo gidan? Mun sha zama muna lissafi, layi layi, gida gida, sai mu ga abu guda yana maimaituwa. Mai kuɗin dangi yakan aiko da buhu sau ɗaya, Allah ya saka masa. Amma wanda ƙafarsa ba ta ɗauke ba, wanda zai shigo wata shida bayan rasuwa ya ce "ina yaran nan, sun ci abinci?", in ka bi tarihinsa sau da yawa za ka tarar shi ma yana ƙarami aka yi masa irin wannan rashi.

Akwai wani dattijo mai gyaran babur kusa da tasha, duk wanda ke bin hanyar nan ya san rumfarsa da yawan yara. Wasu na wankin ƙarfe, wasu na riƙe masa sufana, ƙananan suna zaune da allunansu a gefe har lokacin makaranta ya yi. Wani ɗan kabu-kabu baƙo ya taɓa tambayarsa:

"Baba, duk waɗannan naka ne?"

Ya ce, "Nawa ne mana, ɗana. Na wa kake so su zama?"

Na cikinsa kaɗan ne a ciki, mu mun sani. Shi mahaifinsa direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Arlit tun bai isa shiga lakkwal ba. Ranar da ya ba mu labari a fada, mun ɗauka yunwa zai ambata. Sai ya ce abinci bai taɓa yanke masa ba, gidan kawu a ba shi, gidan gwaggo a ba shi. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ba mai yi masa faɗa. Ya kai tsakar dare a waje, ya dawo, ba wanda ya ce "daga ina kake?" Ɗan gida ya yi haka a ja masa kunne, shi kuwa a ce "ƙyale shi, maraya ne." Ya ce ya fi shekara nawa yana ƙyashin ƴaƴan kawunsa saboda faɗan da ake yi musu. Shi ya sa yaran rumfarsa ba wanda ke fashin makaranta ya kwana lafiya. Da yamma sai kowa ya buɗe kaye ya nuna masa, alhali shi karatun bokonsa bai yi nisa ba. Jan biro yake dubawa, in ya ga ya yi yawa ya aika a kira masa mushen, wato malamin ajin.

Wannan magana ta zauna mini, domin mu da muka tashi da iyayenmu ba za ta taɓa faɗo mana a rai ba. Mu tausayi muka sani, a shafa kan yaro a ba shi dala ashirin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ɓangaren mata ma haka. Akwai wata inna mai fura a layinmu, mahaifiyarta ta rasu wurin haihuwar ƙanenta a shekarun farin nan na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutanen daji suka taru a gefen gari. Ita ba ta da rumfa, ba ta da sana'ar koyarwa sai dakan gero. Amma duk yarinyar da ta rasa uwa a unguwa, ranar da ta fara girma, wurinta ake kai ta. Ita ke zaunar da ita ta gaya mata abin da uwa ke gaya wa ƴa, ta koya mata tsarki, ta saya mata abin da ba za ta iya roƙon uba ko kawu ba. In Sallah ta matso, ita ke bin gidajen tana tambaya, "Wa ya yi wa wance kitso? An sa mata lalle?" Ta ce ita ranar Sallarta ta farko ba uwa, kowa ya ɗauka wani ya yi mata kitso, ta fita idi da kai a tsefe. Ba mugunta ba ce ta sa, kowa ya bar wa kowa ne.

In ka ce me ya sa irin waɗannan mutane suke da yawa a garin nan, ai garin ne ya daɗe yana yin marayu. Kakanninmu suna ba da labarin zamanin Kawsan, da ya yi wa barikin Faransa ƙawanya a watan Disamba na 1916, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Da sojojin Faransa suka iso a Maris na 1917 suka karkashe mutane, har da malamai, gari ya watse. Yaran da aka bari a lokacin, a hannun kakanni da gwaggwanni suka tashi. Sannan ayarin Bilma da Fashi, wanda ba kowane mai raƙumi ke dawowa daga Tenere ba. Sannan farin 1973 da 1974, da na 1984. Sannan tawaye daga 1990 zuwa sulhun Afrilu na 1995, ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009, da nakiyoyin da aka binne a hanyoyi. A watan Satumba na 2009 kuma ruwan koramar Telwa ya ɓalle cikin dare ya kwashe gidajen ƙasa da yawa, ya bar iyalai a fili.

Na zamaninmu kuwa kowa na gani. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, maza nawa suka tafi da alkawarin wata uku? Rami ya rufta da wani, ƴan fashi suka tare wani a hanya, wani har yau ba a san inda yake ba, matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba. Hanyar Libiya ma haka. Da aka kafa dokar 2015 ta hana ɗaukar baƙin haure, aka fara kama direbobi da motocinsu, sauran suka bar bin ayarin Litinin mai rakiyar soja zuwa Dirku, suka koma ratse ta inda ba rijiya. An soke dokar a Nuwamba na 2023, amma waɗanda sahara ta riƙe ba su dawo ba. A Akokan kuma kamfanin haƙar yuraniyom na Cominak ya rufe a ƙarshen Maris na 2021, gidaje da yawa suka rasa abin da suka dogara da shi, iyaye maza suka bazu neman wani abin. Ko ina ka juya a garin nan akwai yaron da ubansa ya fita da safe a mota.

Wani mushe da ke zama da mu, mutum mai yawan karance-karance, ya ce wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. Ya ba mu labarin Hermann Gmeiner, wanda ya kafa ƙauyukan yara na SOS, irin waɗanda ke Yamai da Tawa da Doso. Ɗan manoma ne a ƙasar Ostiriya, an haife shi a 1919, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara biyar. Yayarsa Elsa, ita ma yarinya ce a lokacin, ta ɗauki rainon ƙannenta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana karatun likita a Innsbruck, ya ga yaran da yaƙi ya bari ba uwa ba uba, ya ajiye karatun, a 1949 ya fara gina gidan farko a wani gari da ake kira Imst. Tsarinsa kuwa shi ne kada a tara yara a babban ɗaki kamar bariki. A ba su mace guda ta zama uwarsu, a gida guda, tukunya guda, kuma ƴan ɗaki ɗaya kada a raba su.

Wani daga cikinmu ya ce, "Mushe, ai wannan sai Turawa, su ke da kuɗin gina ƙauye."

Liman ɗin masallacin layinmu yana gefe yana jan carbi, ya ce, "Kai yaro, Baturen nan me ya gina in ba abin da yayarsa ta yi masa ba? Kuma mu sai mun je Turai neman misali? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi shekara biyu shi ma ya rasu, sannan baffansa Abu Ɗalib ya ɗauka. Shi ne kuma ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna."

Aka yi salati. Ni dai abin da na riƙe a zancen nan shi ne yayar. Muna da irinta a kowane layi, kuma ba mai ambatonsu. Yarinya ƴar shekara goma sha uku, uwa ta rasu, sai kawai a wayi gari ita ce mai goyo, ita ce mai girki, ita ce mai zuwa famfo, ita ce mai kai ƙane likita. A cire ta daga lakkwal ba tare da an ma yi shawara ba. Ƙannen su girma, wani ya zama jandarma, wani malamin makaranta, a ce "wane ya yi ƙoƙari, da maraici ya tashi." Ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa. Wallahi in ana rabon lada a garin nan, su ne a sahun gaba, kuma haƙƙinsu yana wuyanmu, domin da maƙwabta sun karɓi goyon na safe kawai, da ita ma ta zauna a aji.

Tunda raha muke yi tsakaninmu, bari mu faɗi inda muke kuskure. Muna alfahari da cewa ɗa na kowa ne, kuma mu ba ma kai yaro gidan marayu, dangi ke ɗauka. Gaskiya ne, riƙo gadonmu ne. Amma riƙo iri-iri ne. Akwai gidan da za ka shiga ba za ka iya bambance ɗan riƙo da ɗan gida ba. Akwai kuma gidan da tun daga zaure za ka gane: shi ne mai tsohuwar riga, shi ake aika da rana tsaka, shi ke cin ƙanzo bayan kowa ya tashi. Yarinyar riƙo ita ke tallar da ake biya wa ƴar gida kuɗin makaranta da shi, kuma ita ake fara aurarwa ga duk wanda ya zo, don a rage baki. Muna gani, muna yin shiru, wai kada a ɓata zumunci.

Sai rabon yara. Ranar arba'in dangi su zauna, wannan ya ce zan ɗauki babban, waccan ta ce a ba ni ƙaramar. Ɗaya ya tafi Ingal, ɗaya Damagaram, ɗaya Arlit. Kowa da kyakkyawar niyya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Amma yaran da suka rasa uwa jiya, yau sun rasa juna. Mai gyaran babur ɗin nan ya ce ƙanwarsa da aka kai kudu, sai da ta yi aure ta haihu suka sake haɗuwa, suna gaisawa kamar baƙi. Da dangin sun haɗa abin da kowa zai kashe sun bai wa gida guda, da yaran sun tashi tare.

Sai gado, wanda shi ne ba a son a taɓo. Addini bai bar wannan a duhu ba: dukiyar maraya amana ce, a adana ta har ya mallaki hankalinsa, a miƙa masa a gaban shaidu, kuma Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani ga mai cin ta. Duk mun ji wannan a tafsirin azumi. Amma fili nawa aka sayar a garin nan da sunan "za a yi wa yara hidima," musamman da filaye suka yi tsada bayan kuɗin zinariya sun shigo? Garken awaki nawa aka ce fari ya cinye, alhali na mai riƙon suna nan? Mota nawa ƙanen mamaci ya karɓa "ya riƙa juyawa," har ta tsufa yaran ba su ga tamma ba? Mutanen daji suna da wata al'ada mai kyau ta ware wasu dabbobi a hannun mata, ba a sayarwa, ba a rabawa, nononsu na ciyar da zuriya ne. Sun san ranar da namiji zai faɗi, shi ya sa suka yi tanadin. Mu na gari ya kamata a ce ko takarda ce mun rubuta a gaban liman da mai unguwa.

Takarda ma ta tuna mini da ta haihuwa. Abu ne ƙarami a ido, amma ya tsayar da yara da yawa. Uba ne yawanci ke zuwa ma'aikatar magajin gari ya yi, in ya rasu bai yi ba, ba mai tunawa, sai ranar da yaro zai rubuta jarrabawa a ce ya kawo. A lokacin wa'adi ya wuce, sai an je kotu da shaidu, uwar kuwa ba ta san ƙofar da za ta bi ba. Akwai wata malamar lakkwal a unguwarmu, ita ma ba ta san mahaifinta ba sai a hoto, wadda ta mai da wannan aikinta. Duk farkon shekarar karatu a watan Oktoba sai ta bi ajinta ɗaya bayan ɗaya ta gano marasa takarda, ta nemo shaidu, ta yi ta zirga-zirga har a samu. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ke biyan ta kuɗin kabu-kabu.

Matan unguwa dai sun fi mu dabara, wannan ba gardama. Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya faro a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu cikin ƙasa, mata suka saba da zama mako mako kowa ta zuba abin da ta samu a asusu. Na layinmu sun ƙara wani ɗan kwano a gefe, na marayu. Ba yawa ake sakawa ba, amma ba a fashi. Daga ciki ake sayen kaye da biro, a ɗinka kayan Sallah, a biya magani. Lokacin bikin Biyanu, da gari ya ɗauki kiɗa, ƴan gabas da ƴan yamma suka fito, aka tafi Alarsas aka dawo da ganyen dabino, sukan tabbatar ba yaron da ya laɓe a zaure don ba shi da rigar fita. Mu maza a fada kullum muna cewa za mu yi irin wannan, kuɗin shayi da sukari kuwa ba ranar da ba ma haɗawa.

Akwai kuma yaran da ba na layin kowa ba. Garinmu mashiga ce, duk mai zuwa arewa ta nan yake bi. Ba mu manta da Oktoba na 2013 ba, da aka tsinci gawa 92 a sahara arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, yawancinsu daga wajen Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Har yau ana sauke mutanen da aka koro daga Aljeriya a kan iyaka, su tako da ƙafa zuwa Asamaka, a kawo su nan, cikinsu da yaran da ba a san inda iyayensu suke ba. Ga almajirai da ke zagaye tasha da kasuwa da robobinsu, waɗanda iyayensu na raye amma suna nisan kwana biyu a mota. In ka lura da masu kiran irin waɗannan yara su ba su wanka da sabulu, su tambaye su sunansu da garinsu, za ka sake ganin fuskokin nan dai: mai gyaran babur, inna mai fura, malamar lakkwal.

Kada a ɗauka ina cewa maraici makaranta ce da ke fitar da mutanen kirki. Mun san waɗanda ya bar wa ɗaci har tsufa, mun san waɗanda ya kai ga ƙwaya da ɗaurin kurkuku, kuma ba laifinsu ba ne su kaɗai. Waɗanda suka zama abin da na faɗa, in ka tambaye su, kowannensu zai ambaci mutum guda da ya tsaya masa: wata kaka, wani maƙwabci, wani malamin allo da ya ce "zo ka ci da ƴaƴana." Abin da aka yi musu suke mayarwa, wanda ba a yi musu ba kuma suna ƙoƙarin kada wani yaro ya rasa shi. Sai dai ba adalci ba ne mu bar musu kayan su kaɗai, su da yawancinsu ba masu hali ba ne, mu da muka ci gatan uwa da uba muna gefe muna sa musu albarka.

Kai da ke jin wannan zance, ka san gidan da aka yi rashi a layinku bara, ba sai an nuna maka ba. Ka shiga ka gaida uwar yaran. Ka tambaye ta ko suna da takardar haihuwa, wa ke riƙe da abin da ubansu ya bari, kuma babbar ƴar tana zuwa lakkwal ko an zaunar da ita. In ka ga yaron a waje bayan isha'i, ka kira shi da sunansa ka tambaye shi daga ina yake, ka raka shi har gida.